Anne Wiazemsky: asirin manya ta tona, ko labarinta ta karɓe?

Malama Hadiza, Damagaram:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Alkawari kaya ne. Ran nan da muke zancen 'yan wasan fim mata, yadda tauraruwar mace ke haskawa shekara biyar sai a neme ta a rasa, na ce zan kawo muku labarin wata Bafaranshiya da na daɗe ina karanta littattafanta. Sunanta Anne Wiazemsky. An haife ta a Berlin ran 14 ga Mayun 1947, ta rasu a Faris ran 5 ga Oktoban 2017, ciwon daji ne ajalinta. Ubanta jinin sarautar Rasha ne, daga gidajen da juyin juya halin 1917 ya tarwatsa. Uwarta kuwa 'yar François Mauriac ce, marubucin nan da ya ci kyautar Nobel a 1952.

Tana da shekara 18, ko sakandare ba ta gama ba, mai ba da umarni Robert Bresson ya ɗauke ta a fim ɗinsa Au hasard Balthazar, wanda ya fito a 1966. A watan Yulin 1967 ta auri wani mai ba da umarnin, Jean-Luc Godard, wanda ya ba ta kusan shekara 17. Ta yi finafinai da shi, ta yi da Pasolini na Italiya da wasu. Sai da ta kai arba'in sannan littafinta na farko ya fito, a 1988, kuma daga nan har mutuwarta alƙalami ne abin hannunta.

Ga inda gizo ke saƙar. Uku daga cikin littattafanta a kan waɗannan manyan mutane biyu, Bresson da Godard, ta rubuta su, kuma da sunayensu na gaskiya. Jeune fille, wato budurwa, ya fito a 2007, labarin zamanta ne da Bresson lokacin ɗaukar fim. Une année studieuse na 2012 da Un an après na 2015 kuwa labarin soyayyarta ne da aurenta da Godard. Ni a wurina su ne mafi kyawun abin da ta bari. Amma wata ƙawata da na ara wa na ƙarshen ta mayar mini da shi ta ce wannan cin amana ne. Ku me kuka gani?

Baban Sadik, Kano:
Wa alaikumus salam Malama. Ban karanta ba, Faransanci ba ya cikina, amma daga bayaninki ina bayan ƙawarki. Aure rufin asiri ne. Allah ya kira ma'aurata tufafin juna, kuma akwai hani mai tsanani daga Annabi (SAW) ga wanda zai keɓe da iyalinsa sannan ya fita yana baza abin da ya gudana. Na san ba addininmu ɗaya da ita ba, amma wannan abu ne da hankali ma ke kamawa. Mutum ya saki jiki da ke a cikin ɗaki saboda ya yarda babu mai ji. Bayan shekara arba'in kuma ki kai shi kanti a saya?

Ummi Marubuciya:
Yaya, shi ai tuni ya kai ta kantin. Fuskarta ya sa a fim duniya ta kalla.

Baban Sadik, Kano:
Fim aiki ne, Ummi, da yardarta aka yi. Zaman aure daban.

Ɗan Sinima, Jos:
Bari in shigo ta nan, don a wurin Godard iyakar da Baban Sadik yake shatawa tsakanin aiki da gida babu ita. La Chinoise, fim ɗin da ya yi da ita a 1967, a cikin gidan da yake zaune a Faris aka ɗauki mafi yawansa. A lokacin tana karatun falsafa a jami'ar Nanterre, shi kuma ya sa ta fito a matsayin Véronique, ɗalibar falsafa a Nanterre. Ta bakinta yake jin abin da ɗalibai ke tattaunawa. Hatta malamin da ya taimaka mata da darasin falsafa, Francis Jeanson, ya jawo shi cikin fim ɗin da sunansa.

Akwai doguwar fitowa a cikin jirgin ƙasa inda take gardama da Jeanson a kan ko ya halatta a tayar da bam don a rufe jami'o'i. Shi malamin daga kansa yake magana. Ita kuwa an saƙala mata 'yar na'ura a kunne, Godard na raɗa mata amsar da za ta bayar. Na kalli wurin ya fi sau goma. Idan ka lura da kyau za ka ga tana ɗan jinkirtawa kafin ta amsa, idonta ya tsaya a taga, kamar mai tunani, alhali sauraro take yi.

Malama Hadiza, Damagaram:
Ɗan Sinima, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo jijiyar maganar. Kuma kafin Godard, Bresson ma haka. Shi ba ya ɗaukar ƙwararrun 'yan wasa, ba ya ma kiran mutanensa 'yan wasa, modèles yake ce musu. Zai sa ki maimaita jimla guda har sai duk wani ɗanɗano ya fita daga muryarki, ki faɗe ta kamar mai karanta lambar mota. Hannu ga inda za ki ajiye, ido ga inda zai kalla. A fim ɗin Pasolini kuma, Teorema na 1968, yarinyar da ta fito a matsayinta ƙarshenta sandarewa ta yi a kan gado, hannu a dunƙule, ba um ba um-um, har aka zo aka ɗauke ta. Mace ta shekara ashirin da wani abu tana wannan aiki. Idan daga baya ta zauna ta ce bari in faɗi yadda ni na ga abin, ni kam ban ga laifinta ba.

Ɗan Sinima, Jos:
Amma Malama, a nan zan rabu da ke kaɗan. Na Godard ban damu ba, yana raye aka buga su, sai 2022 ya mutu, da ya so ya yi magana da ya yi. Na Bresson ne ya tsaya mini a rai. Mutumin ya rasu a Disamban 1999, littafin ya fito a 2007. Me ya hana ta rubuta shi yana da rai? Yanzu duk wanda ya ji sunan Bresson sai ya tuna tsoho mai bin yarinya, alhali mutumin ya bar finafinan da har gobe ake koyarwa. Godard da kansa ya ce Balthazar duniya ce cikin sa'a ɗaya da rabi.

Hajiya Larai:
Ɗana, tsaya. Me ta ce ya yi mata? Ku da kuka karanta ku faɗa mana, kada mu yanke hukunci a duhu.

Malama Hadiza, Damagaram:
Hajiya, ga shi a taƙaice. Bazarar 1965 aka ɗauki fim ɗin a Guyancourt, wani ƙauye kusa da Faris. Shi yana da shekara 63, ita 18, mahaifinta ya rasu 'yan shekaru kafin nan. Ya sa aka sauke ta a gidan da ya sauka, ɗakinta jikin nasa, nesa da sauran ma'aikata. Tare suke cin abinci. Da dare su fita tattaki a lambu, ya riƙe mata hannu, ya shafa mata kumatu, daga baya ya fara neman sumbatarta. Tana ture shi, shi kuma ba ya matsawa, sai dai ya yi wani irin zuru da zai sa ta ji kamar ita ce mai laifi. Washegari kuma ga shi a bayan kyamara, duk abin da ya ce shi za ta yi.

Abin da Ɗan Sinima zai gani idan ya karanta shi ne, littafin babu zagi a cikinsa. Ba ta kai shi kotu ba. Ta nuna yadda yake burge ta, yadda take jin daɗin kasancewa wadda ya zaɓa, yadda ita ma ta koyi juya shi. Ta nuna shi ne ya buɗe mata ƙofar da ta fitar da ita daga gidan da take jin ya yi mata ƙunci. Ka gama littafin kana tausayin tsohon, kana kuma jin haushinsa, duka biyun. Ni wannan ne ya sa na yarda da ita. Mai ƙarya gefe guda yake nuna maka.

Maman Iman:
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa cewa komai ba. Yau zan ce.

Ina da shekara 17 aka sa ni a wani wasan kwaikwayo. Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi suna ba. Mai ba da umarnin sa'an babana ne, kuma da hannu biyu babana ya damƙa ni gare shi, ya ce ga 'yarka nan. Kullum idan an tashi sai ya ce kowa ya tafi, ni in tsaya mu gyara layina. Ranar da na fi tunawa, ya ɗauki gyalena daga kan kujera ya ce shi zai yafa mini. Ya yafa, amma bai ɗauke hannunsa daga kafaɗata ba. Ina kallon takardar da ke hannuna tana rawa. Na ce Baba ana jira na a gida, ya saki. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma ya maimaitu sau da yawa. Idan na faɗa, me zan ce ya yi? Ya yafa mini gyale?

Ɗan Sinima, ka tambaya me ya sa ba ta rubuta yana raye ba. Ni yau shekarata 41, mutumin ya daɗe da rasuwa, kuma hannuna na rawa nake rubuta wannan. Lokacin da yake raye gari duka nasa ne. Ni ma kaina sai da na haifi 'ya mace ta kai shekarun nan sannan na san sunan abin da ya faru da ni.

Hajiya Larai:
Allah sarki 'yata. Allah ya saka miki, ya tsare mana zuri'a.

Ɗan Sinima, Jos:
Anti, ki yi haƙuri. Ban hango ta wannan fuskar ba. Na janye tambayar. Zan ci gaba da ganin girman fim ɗin, amma na janye.

Baban Sadik, Kano:
Maman Iman, wallahi jikina ya yi sanyi. Ina da 'ya'ya mata uku. Kuma bari in gyara maganata don kada a yi mini mummunar fahimta: abin da babba ya yi wa yarinyar da aka ba shi amana ba sirri ba ne, zalunci ne, faɗinsa ma kariya ce ga wasu. Na Bresson na sallama. Amma na miji ina nan a kan bakana. Malama, me ta faɗa a kan mijin?

Malama Hadiza, Damagaram:
To Baban Sadik, zan faɗa maka har da abin da zai ƙarfafa hujjarka, don kada in ci amanar muhawara.

Littafin farko mai daɗi ne. Ita ce ma ta fara rubuta masa wasiƙa a watan Yunin 1966, bayan ta kalli fim ɗinsa Masculin féminin, ta ce tana son fim ɗin, tana kuma son mutumin da ke bayansa. Ya biyo ta har kudancin Faransa inda take hutu. Sai rigimar gida: uwarta ba ta so, kakanta Mauriac ɗan Katolika ne na gaske kuma mutumin Janar de Gaulle, ga surukin da ke tafe ya saki matarsa ta fari, yana kuma karkata ga aƙidar Mao. A lokacin sai mutum ya kai 21 ake ɗaukarsa baligi a dokar Faransa, ita kuwa ba ta kai ba. A Suwizalan aka ɗaura auren, babu taro.

Na biyun ne mai ɗaci. Watan Mayun 1968 ɗalibai suka cika titunan Faris, ma'aikata miliyoyi suka shiga yajin aiki, ƙasa ta tsaya cik. Gidansu yana tsakiyar unguwar da ake artabu da 'yan sanda. Akwai wurin da nake so ƙwarai: babu mota, babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ta ɗaura takalma masu taya tana zuga a kan titunan da suka zama fayau, tana jin daɗin abinta, shi kuwa yana can taro yana neman ɗalibai su karɓe shi. A cikin hargitsin tabaransa yakan fashe, ya koma ba ya gani sosai. A hankali mutumin da ta aura ya rikiɗe. Ya tsani finafinansa na baya, ya ɓata da abokansa, kowa ɗan jari-hujja ne a idonsa. Ga kishi. Ta tafi Italiya aikin fim a 1969, kishin ya kai shi ga yunƙurin kashe kansa. Ta rubuta wannan. Kusan a nan littafin ya tsaya. Sun rabu ba da daɗewa ba, ko da yake sai 1979 aka raba auren a hukumance.

Baban Sadik, Kano:
Kin gani ko? Wannan na ƙarshen shi nake nufi. Mutum a ranar da ya fi kowace rana rauni, ba mai ganinsa sai matarsa. Ya rayu, ya tsufa, yana da shekara 84 a buga wa duniya. Har aka yi fim da shi, ko ba haka ba?

Ɗan Sinima, Jos:
An yi. Le Redoutable, na Michel Hazanavicius, a 2017, shekarar da ta rasu. Louis Garrel ne ya fito a Godard, Stacy Martin ta fito a ita. Fim ɗin ya mayar da abin kusan barkwanci.

Baban Sadik, Kano:
To. Da ƙanena ne aka yi wa haka, da ban yafe ba. Ta iya ba da labarin takalmanta masu taya da rigimar ɗalibai, ta tsallake wannan daren.

Ummi Marubuciya:
Yaya, amma daren nan ita ma nata ne fa. Shekararta 21 ko 22. Ita ce ta farka ta tarar da shi, ita aka ɗora wa nauyin cewa saboda ita ne. Idan ta cire shi, mai karatu zai ga yarinya ce kawai ta gaji da miji ta tafi. Kuma an rubuta manyan littattafai a kan rayuwar Godard, masu bincike sun tono komai, ita tana ciki a matsayin "matarsa ta biyu", shafi kaɗan. Su an yarda su rubuta, sai wadda ta ga abin da idonta ce za a ce ta yi shiru?

Baban Sadik, Kano:
Masu bincike ba su ɗaura aure da shi ba, ƙanwata. Amanar a wuyanta take.

Mushe Isufu, Yamai:
Ina gaida zaure. Ni tsohon malamin lakwal ne, na koyar da Faransanci shekara talatin da wani abu, kuma ina da magana biyu.

Ta farko ga Baban Sadik. Dubi bangon littattafan nan, kalmar da aka rubuta ita ce roman, wato ƙagaggen labari. Ba ta ce tarihi ba. Wannan tsohuwar al'ada ce a adabin Faransa, marubuci ya ɗauki rayuwarsa ya gina ta kamar labari, yana sanar da kai cewa abin da ya tuna ne, yadda ya ji shi. Ban ce wannan ya wanke ta ba, don sunan mutum sunansa ne ko me aka rubuta a bango. Amma ya kamata a sani.

Ta biyu ita ta fi damuna. Kuna ta maganar ko ya dace ta rubuta. Ni tambayata, wa ke samun ikon rubutawa? A shekarar da aka haifi Anne, 1947, aka haifi Zalika Souley a nan Yamai. A shekarar da Balthazar ya fito, 1966, Zalika ta fito a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane. Ta fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Mun kalle ta muna samari, sinima cike. Saboda tana fitowa a muguwar mace, mutane suka ɗauka halinta ne, ta sha zagi a titi. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar ta shiga halin ƙunci, har ta kai ga tafiya Amurka aikatau. Ta rasu a 2021. Abin da muka sani na rayuwarta, sai da Rahmatou Keïta ta ɗauki kyamara ta je ta same ta, ta yi fim ɗin Al'lèèssi. Ba don haka ba da shi ke nan. Sa'o'in juna ne, sana'a ɗaya, shekarar farawa ɗaya. Ɗaya ta bar littattafai fiye da goma a kamfanin buga littattafai na Gallimard. Ɗayar fa?

Ummi Marubuciya:
Baba, wallahi ban taɓa jin sunan Zalika ba sai yau. Abin kunya ne a gare mu.

Ɗan Sinima, Jos:
Maganar Mushe ta kawo ni ga abin da nake ta taunawa. Ita Anne ɗin, da ba jikar Mauriac ba ce, Gallimard za su kalle ta? Kakanta ɗan Académie française ne, wato majalisar harshen Faransanci, tun 1933, kawunta Claude Mauriac marubuci ne, ƙanenta shi ne mai zanen barkwancin jaridu da ake kira Wiaz. Ko Bresson ma ta hanyar Florence Delay ta same shi, wadda ta fito a Jeanne d'Arc a fim ɗinsa na 1962, ita ma 'yar babban gida. Sannan Académie ɗin ta ba ta babbar kyautarta ta ƙagaggen labari a 1998. Ɗan gida ne aka ba ɗan gida.

Malama Hadiza, Damagaram:
Gaskiya ne ƙofa a buɗe ta same ta, wannan ba abin musu ba ne. Amma ka lura da abu biyu. Mauriac ya mutu a 1970, ita ba ta buga komai ba sai bayan shekara 18. Sunan nan kaya ne mai nauyi, duk jimlar da ka rubuta za a auna ta da ta mai Nobel. Sannan kyautar da ta ci a 1993 da littafinta Canines, wato Goncourt des lycéens, 'yan lise ne ke zaɓe. Yara ne 'yan shekara 15 zuwa 18 daga makarantu daban-daban, su karanta littattafan su yi ta gardama su kaɗa ƙuri'a. Ina koyar da sa'o'insu, na san halinsu, ba ruwansu da kakan kowa, littafi in ya gundure su ajiye shi suke yi. Kuma ka san labarin me ke cikin Canines? Wata 'yar wasa ce da mai ba da umarni yake tatsa har ya kusa ƙarar da ita, ana shirin wasan daɓe don bikin Avignon. Shekara 14 kafin ta kira sunan Bresson, tana ta kewaya maganar da sunayen aro.

Rubutunta ba mai ado ba ne. Gajerun jimloli, kalmomin yau da kullum, ɗalibina na ajin ƙarshe yana karanta ta ba tare da ƙamus ba. Wasu masu sharhi suna ganin sauƙin ya yi yawa. Ni kuwa ina ganin hannun Bresson a ciki: a faɗi abu a wuce, kada a matsa wa mai karatu ya yi kuka.

Hajiya Larai:
Malama, duk littattafan a kan mazan nan ne? Ba ta da uwa, ba ta da dangi?

Malama Hadiza, Damagaram:
Tana da su Hajiya, kuma na ji daɗin tambayar. Wanda ya ci kyautar Académie, Une poignée de gens, a kan dangin ubanta ne, yadda gidan sarauta a karkarar Rasha ya watse a 1917. Na ƙarshe da ta buga, Un saint homme, a 2017, a kan wani limamin coci ne da ya koyar da ita tana yarinya a Karakas ta Venezuela, inda aikin mahaifinta ya kai su. Ya ji muryarta a rediyo bayan shekaru da yawa ya neme ta.

Amma wanda zan so ki ji shi ne Mon enfant de Berlin na 2009. Labarin uwarta Claire ne. 'Yar babban marubuci, ta ƙi zaman gida, ta shiga aikin Red Cross tana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya lokacin yaƙin duniya na biyu. Da yaƙi ya ƙare ta tafi Berlin, gari ya zama kufai, ana neman Faransawan da suka ɓace don a mayar da su gida. A can ta haɗu da Yvan Wiazemsky, hafsan da ke jin Rashanci yana shiga tsakani da sojojin Sobiyet. Anne ta gina littafin a kan wasiƙun da uwar ke aika wa iyayenta da littafin da take rubuta abin da ya same ta kullum. Yarinyar Berlin ɗin da ke cikin sunan littafin ita ce Anne, da haihuwarta labarin ya ƙare. Uwar nan da suka yi ta samun saɓani a kan Godard, sai bayan ranta 'yar ta gano wace ce ita tana budurwa.

Hajiya Larai:
Kin sa ni hawaye. Mahaifiyata tana da wata adaka ta ƙarfe, koriya, a ƙarƙashin gado. Babanmu fatauci yake yi zuwa Kumasi, yakan yi wata shida bai dawo ba, suna musayar wasiƙu da ajami. Tana ɗaure su da zaren saƙa, ta sa a cikin tsohon kallabi tare da kanumfari don kada asu ya ci. Ina yarinya nakan gan ta da rana tsaka, in gida ya yi shiru, ta fito da su tana karantawa leɓenta na motsi. Da ta rasu, ranar sadakar bakwai, yayanmu ya kwashe su ya ƙona a bayan ɗaki. Ya ce sirrin iyaye ne, bai kamata 'ya'ya su gani ba. Ban hana shi ba, a lokacin ni ma na ga daidai ne. Yau shekara 26. Jikokina suna tambayata wace irin mace ce, sai in ce mai haƙuri ce, mai tsafta. Iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma na san ta fi haka.

Baban Sadik, ban ce ka yi kuskure ba. Yayan namu ma mutumin kirki ne.

Baban Sadik, Kano:
Hajiya, Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta. Da ni ne da ban ƙona ba, ajiyewa zan yi. Amma da ban kai wa mai buga littafi ba. Tsakanin wuta da kanti akwai adaka, a nan nake tsaye. Daren nan na Italiya har yanzu ina ganin da ta bar shi a adaka.

Maman Iman:
Ni kuma da za ta bar na Bresson a adaka, da yau ban buɗe bakina a nan ba. Na gode Malama.

Ummi Marubuciya:
Malama, akwai fassararsu da Turanci? Ina so in karanta da kaina kafin in ƙara cewa komai.

Malama Hadiza, Damagaram:
Mon enfant de Berlin an fassara shi da Turanci, shi za ki fara nema. Jeune fille kuwa ina da shi a nan, ba shi da kauri. In zaure ya yarda, duk daren Juma'a zan riƙa karanta babi guda in ba ku ma'anarsa da Hausa ta saƙon murya.

Mushe Isufu, Yamai:
Na yarda, kuma zan taya ki inda Faransancin ya yi tauri. Amma sharaɗi guda: in an gama, a nemo Al'lèèssi a kalla tare.

Hajiya Larai:
Ni ma a sa da ni. Ɗan Sinima, wai shi Balthazar ɗin wane ne? Tun ɗazu nake son tambaya.

Ɗan Sinima, Jos:
Jaki ne, Hajiya. Yara ne suka raɗa masa sunan yana ɗan ƙarami, ita Anne ta fito a Marie, yarinyar da ta fi kowa son sa, har furanni take ɗaura masa a ka. Daga nan ya yi ta sauya hannu: mai gidan burodi, mashayi, masu wasan dabbobi, wani marowacin ɗan kasuwar hatsi. Wani ɗan iskan saurayi ya ɗaura masa takarda a wutsiya ya cinna wuta don ya yi sauri, kuma saurayin nan shi ne ya lalata rayuwar Marie. A ƙarshe aka ɗora masa kayan fasa-ƙwauri aka nufi kan iyaka da dare, harsashi ya same shi. Da gari ya waye ya gangara cikin wani fili, garken tumaki ya kewaye shi, ƙararrawarsu na kaɗawa, ya kwanta a tsakiyarsu. Na kalla da kakana, wanda ya yi shekaru yana dakon yashi da jakuna. Bai ji kalma ɗaya ta Faransanci ba. Da aka gama ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya tambaye ni ina yarinyar ta tafi. Na ce fim ɗin bai nuna ba.